Kundin sauya burauza a shagonmu na Kabuga

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta yadda aikin sauya burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ke tafiya a shagonmu, ko Allah zai sa wani mai kafe ko mai koyar da kwamfuta ya amfana. Shagon yana Kabuga, ba nisa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, kuma akasarin masu shigo mana ɗalibai ne: mai buga rasidin Remita, mai duba sakamakon WAEC ko NECO, mai fitar da takardar kiran hidimar ƙasa, sai dattawa masu son a buga musu takardar NIN. Duk wanda ya zauna a gaban kwamfutarmu sai ya bar wani abu nasa, lambar waya, ranar haihuwa, hoton fasfo, wani lokaci har BVN. Amana ce aka ba mu ko da mai ita bai furta ba.

Yau ban taɓa komai ba, zagayawa kawai na yi ina dubawa. Chrome ne a kan kowace kwamfuta, kamar yadda yake a kusan duk kafen da na sani a garin nan. A kwamfutar bakin ƙofa na buɗe shafin shiga imel, ina danna gurbin rubuta adireshi sai ga jerin adireshin mutane ya zubo, har da na wata ɗaliba da ta zo cike fom tun kafin azumi. Foldar da abubuwan da aka sauke ke taruwa kuwa cike take da takardun NIN, kowace da hoton mai ita da lambarsa, ga takardun samun gurbin karatu, ga rasidai. A wata kwamfutar, wani bawan Allah ya shiga asusunsa na Google, ya kunna daidaita bayanai, ya tafi bai fita ba. Wato duk wanda ya zauna bayansa, tarihin shafukan da ya buɗe cikin asusun mutumin nan yake shiga.

Kamfanonin talla na ƙasashen waje suna nan, kuma zan zo kansu. Amma a kafe, wanda ya fi kusa da sirrinka shi ne mutumin da zai hau kujerar bayan ka tashi. Da shi zan fara auna kowace burauza.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Kwanakin nan karatu nake yi bayan mun rufe. Sunayen burauza suna da yawa, amma zaɓin gaske kaɗan ne. Chrome ya fito a 2008, kuma yau kusan biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya da shi suke shiga. An gina shi a kan Chromium, wanda kowa ke da damar ɗauka ya gina nasa a kai, sai dai ragamarsa a hannun Google take. Opera ya koma kan Chromium a 2013, Edge na Microsoft ya bi a Janairun 2020, Brave da Vivaldi da burauzar Samsung duk a kansa suke. Kamar jerin A Daidaita Sahu 'yan kamfani ɗaya ne, kowa ya ƙawata nasa yadda yake so, amma inji ɗaya ne a baya. Manyan injuna uku ne suka rage: Blink na dangin Chrome, WebKit na Safari, burauzar kamfanin Apple, sai Gecko na Firefox.

Wannan ba zancen masana kaɗai ba ne, ya shafi teburinmu kai tsaye. Akwai ƙarin manhaja, irin wanda ake ɗora wa burauza, mai suna uBlock Origin, wanda Raymond Hill ya fara a 2014, mai toshe talla da masu bin sawun mutum a shafuka. Google ya kawo sabon tsarin ƙarin manhaja da ya kira Manifest V3, kuma tun daga 2024 Chrome ya fara kashe waɗanda aka gina a kan tsohon tsari. Cikakken uBlock Origin yana cikinsu, abin da ya rage a Chrome shi ne ƙaraminsa mai suna Lite, wanda ƙarfinsa bai kai na asalin ba. A Firefox kuwa cikakken yana aiki. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar kamfanin da ya mallaki Google daga talla yake fitowa, don haka ban yi mamakin inda hukuncin ya karkata ba.

Sai batun kukis. Ɗan rubutu ne da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya gane ka idan ka dawo, shi ya sa ba ka sake rubuta kalmar sirri duk lokacin da ka matsa. Wannan ba laifi. Damuwar tana ga na baƙi: kamfanin talla mai ɗan gurbi a dubban shafuka ya ajiye nasa, ya riƙa gane ka daga shafin labarai zuwa na kasuwa zuwa na neman magani, ya haɗa su wuri guda. Safari ya rufe musu ƙofa gaba ɗaya a 2020. Firefox tun Yunin 2022 yake ware wa kowane shafi rumbunsa na kukis, ba mai leƙa na wani. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa zai cire su daga Chrome cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, a Yulin 2024 ya ce ya fasa.

Na tsai da shawara: Firefox zai zama na yau da kullum.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau Microsoft ya dakatar da aiko gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10. Kwamfutocinmu na hannu ne, kuma mafi yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan babban aiki ne na daban, zan dawo kansa. Abin da ya shafi burauza shi ne tsohuwar kwamfutar da muke haɗa sikana da ita, mai Windows 7. Chrome ɗinta ya tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, ba ya samun gyara. Na saka mata Firefox 115 ESR, wanda a Oktoban 2025 Mozilla, masu Firefox, ke aiko masa gyaran tsaro, na kuma ce kada a ƙara shigar da lambar katin kowa a kanta.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Lahadi ba cunkoso, sai na zauna da yaran shago biyu muka saka Firefox a sauran kwamfutocin. Sakawa ba ta ɗaukar lokaci, saiti ne aikin, kuma na lura burauzar da ba a saita ba, ko wace iri ce, za ta riƙe adireshin kwastoma kamar yadda na gani ranar farko.

Mun sa shi kada ya riƙe tarihi kwata-kwata, da zarar an rufe shi komai ya goge, har kukis da abin da aka rubuta a fom. Mun kashe tayin ajiye kalmar sirri, domin mutum cikin gaggawa yakan danna "eh" bai karanta ba. Kariyar bin sawu mun kai ta mataki mafi tsanani, mun kunna tsarin da ke hana buɗe shafi sai ta hanya mai kulle, mun saka uBlock Origin, wajen bincike kuma mun mayar da shi DuckDuckGo. Don kada wani ya sauya saitin da rana, na rubuta ɗan fayil mai suna policies.json na ajiye a foldar distribution da ke cikin mazaunin Firefox. Da shi ake kulle saiti a ofisoshi, kuma ya yi mana daidai: gurbin ajiye kalmar sirri yanzu ba ya ma dannuwa.

Muna cikin haka ƙaramin yaron ya ce, "Oga, ai da incognito kawai muka riƙa buɗe musu, ba mai ganin komai."

Na ce masa rabin maganarsa gaskiya ce, kuma rabin nan shi ne ya fi yi mana amfani. Shafin ɓoye, wato incognito, yana hana wanda zai zauna bayanka ganin inda ka je. Amma shafin da ka buɗe yana ganinka, kamfanin da ya ba ka data ya san inda ka nufa, masu talla da ke cikin shafin ma suna nan. A 2020 wasu mutane a Amurka sun kai Google ƙara a kan haka, kuma a sulhun da aka bayyana a 2024 kamfanin ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara, ya kuma gyara bayanin da ke fitowa idan an buɗe shafin. Sannan incognito sai an tuna an buɗe shi. Ranar da layi ya kai bakin titi ba wanda zai tuna. Saitin da muka yi ba ya jiran tunanin kowa.

Abu ɗaya ba burauzar da za ta yi mana: fayil ɗin da aka sauke yana nan daram ko an goge tarihi. Don haka muka kafa doka, kwastoma na tashi a goge foldar saukarwa a gabansa, a zubar da kwandon shara, sannan a rufe burauza.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Makon farko ya zo da gardama. Wani shafin biyan kuɗi ya tsaya yana ta juyawa bayan an shigar da lambar kati, mai kuɗin kuma hankalinsa ya tashi, don kuɗin makaranta ne ba ƙaramin abu ba. Kariya mai tsanani ce ta toshe wani ɓangare da shafin ke ɗaukowa daga wani kamfani. Maganin yana gefen gurbin adireshi: akwai 'yar alamar garkuwa, a danna ta a kashe kariyar ga wannan shafi kaɗai, sauran su ci gaba da zama a kulle. Yaran sun iya yanzu.

Akwai kuma shafin wata hukuma da ya rubuta ƙarara cewa a yi amfani da Chrome, kuma maɓallin ɗora hotonsa ba ya motsi a wani wuri. Masu gina irin waɗannan shafuka burauza ɗaya suke gwadawa su sallami aiki, kuma abin yana ɓata mini rai, domin shafin da talaka ba shi da zaɓi sai ya bi ta kansa bai kamata ya tilasta masa manhajar wani kamfani ba. Haka rinjaye yake ƙara rinjaye: kowa yana Chrome don shafuka sun fi aiki a kansa, shafuka kuma ana gina su dominsa don kowa yana kansa.

Don irin wannan na saka Brave a matsayin na biyu. Injinsa na dangin Chrome ne, shi ya sa shafin hukumar ya buɗe ba matsala, kuma yana zuwa da abin toshe talla a jikinsa, ba ya dogara da ƙarin manhaja. Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiro JavaScript, harshen rubuta umarnin shafuka, a 1995 kuma yana cikin waɗanda suka kafa Mozilla, yana cikin masu shi. Yana da tsarin ladan kallon talla da jakar kuɗin kirifto, duk na kashe su na ɓoye alamominsu, ba abin da kwamfutar haya za ta yi da su. Shi ma na sa ya goge komai idan an rufe. Chrome ya rage a kwamfuta ɗaya tak, ta kusa da ni, kuma a yanayin baƙo ake buɗe shi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na juya kan wayoyin gida. A nan aikin ya fi taɓa ni, domin mutanen da na fi ƙauna ne, kuma ba su ne suka zaɓi abin da ke cikin wayoyinsu ba. Waya takan zo da burauzarta daga kamfani, sannan in an saye ta a kasuwa mai shago ya ƙara tura wasu manhajoji a matsayin kyauta. A wayar mahaifiyata na tarar da burauza uku. Ɗaya daga cikinsu tana turo sanarwa dare da rana, labaran ƙarya da hotunan da ba su dace da idon dattijuwa ba, ga jikoki suna ɗaukar wayar. Na duba izinin da aka ba ta: wurin da mutum yake, lambobin waya, ma'ajiyar hotuna.

Ta ce, "To ni me zan ɓoye? Karatu nake saurare, sai gaisuwa da 'yan uwa."

Na ce, "Umma, ba ɓoyo ba ne. Lambobin da ke cikin wayar nan na mutane ne, na Inna da na su Yaya da na maƙwabta. Ba su ce a ba wani ba." Ta yi shiru, sannan ta miƙo wayar ta ce in cire duk abin da ba shi da amfani.

Wadda ta zo daga kamfani ba ta ciruwa, sai dai na dakatar da ita, na janye izininta, na kashe sanarwarta. Wayar ƙarama ce, ba ta da wurin ɗaukar nauyi, don haka na saka mata burauzar DuckDuckGo, mai sauƙin fahimta, da alamar wuta da ake dannawa ta goge komai lokaci guda. A tawa da ta maiɗakina Firefox na saka tare da uBlock Origin, abin da Chrome na waya ba ya bari, don ba ya karɓar ƙarin manhaja sam. Toshe talla yana rage cin data, kuma wannan hujjar ta fi saurin shiga kunnen mutanen gida fiye da zancen sirri.

Ƙanena ya tsaya kai da fata a kan Opera Mini, kuma na fahimce shi. Duk wanda ya fara shiga intanet da ƙaramar Nokia ya san alherinsa. Yadda yake rage data shi ne, a yanayin matsewa mafi ƙarfi shafin yana fara bi ta kwamfutocin kamfanin, su matse shi, sannan su turo maka. Ma'ana akwai na uku tsakaninka da shafin. Don karanta labarin ƙwallo ba damuwa, amma na roƙe shi kada ya shiga banki ko imel ta nan. UC Browser kuwa na cire shi daga tsohuwar wayar yara ba shawara. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta nuna a 2015 yana fitar da bayanan waya ba tare da kariya mai kyau ba, Indiya kuma ta haramta shi a Yunin 2020 tare da wasu manhajojin Chaina.

Akwai wata ƙofa da mutane ba sa lura da ita. Idan ka danna mahaɗi a cikin Facebook ko Instagram ko TikTok, ba burauzarka ce ke buɗewa ba, tasu ce ta cikin gida. A 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa wasu daga cikinsu a iPhone suna cusa nasu rubutun umarni a shafukan da aka buɗe. Na nuna wa kowa ɗigo ukun da ke sama, inda ake zaɓar buɗewa a burauzar waje. Mai iPhone a gidanmu na bar masa Safari, tunda a nan ƙasar duk burauzar da ya saka a kan WebKit za ta hau.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Na gwada kwamfutocin a shafin Cover Your Tracks na EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet. Ya nuna talla da masu bin sawu a toshe, amma ya tuna mini da wata hanyar gane mutum da ba ta buƙatar kukis. Shafi yana iya tattara girman allonka, irin rubutun da ke kwamfutarka, harshe, agogon yankinka, yadda na'urarka ke zana hoto, ya haɗa su su zama shaida da ba kowa ke da irinta ba. Brave yana jirkita wasu daga cikin waɗannan don su riƙa sauyawa. Tor Browser, da Mullvad Browser da aka fitar a 2023 tare da masu Tor, suna ƙoƙarin sa duk masu amfani da su su yi kama da juna. Tor yana bi da kai ta tashoshi uku kafin ka isa shafi, abin da ɗan jarida ko mai binciken abu mai haɗari ke buƙata. Ga mai buga rasidi kuwa jinkiri ne kawai, kuma shafukan biyan kuɗi sukan ƙi shi. Ban saka shi a shago ba.

Dole in rubuta abin da ke damuna game da Firefox ɗin da na zaɓa. Mafi yawan kuɗin Mozilla daga Google yake zuwa, ladan sanya bincikensa a matsayin na farko. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 ga kamfanoni daban-daban don irin wannan matsayi. Alƙali Amit Mehta ya yanke a Agustan 2024 cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba a harkar bincike, amma a Satumban 2025 bai tilasta masa sayar da Chrome ba. Sannan a Fabrairun 2025 Mozilla ta fitar da sababbin sharuɗɗan amfani da suka fusata masoyanta, har sai da ta sake rubuta wani sashe. Na kashe aika bayanan amfani da shawarwarin da aka biya kuɗi a kansu a duk kwamfutocin. Duk da haka ina nan a kansa, domin in Gecko ya mutu, kamfanoni biyu, Google da Apple, ne za su rage suna yanke yadda shafukan duniya za su kasance, kuma ba na jin za su tuna da mai kwamfutar hannu a Kabuga.

Ta ɓangaren doka ma abin ya matso kusa da mu. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, aka kafa hukumar NDPC a ƙarƙashinta. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta, kamfanin Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Manya ake ji a labarai, amma shagon da ke karɓar NIN ɗin mutane kullum shi ma mai riƙe da bayanan jama'a ne.

Lahadi, 7 ga Disamba

Hunturu ya shigo, ƙura ta sa mun buɗe kwamfutocin mun hure su, na yi amfani da damar na sake duba saiti. Komai yana nan yadda muka kulle. Na danna gurbin imel a kwamfutar da ta fi samun jama'a, ba sunan kowa. Kwastomomi ba su yi ƙorafin sauyin ba, wasu ma ba su lura ba, sai wani malami da ya tambayi dalilin da shafin jaridar da yake karantawa ya fi saurin buɗewa, na nuna masa adadin abubuwan da aka toshe a kusurwar allo.

Na buga 'yar sanarwa da Hausa na liƙa a jikin kowane allo: ka fita daga asusunka, ka tsaya a goge takardunka a gabanka, ka rufe burauza kafin ka tashi. Masu kafe biyu na layinmu sun zo sun gani, ɗaya ya karɓi fayil ɗin kulle saiti a filashi, na yi masa alkawarin zuwa ranar Lahadi mai zuwa mu saka tare.

Babban giɓin da ya rage ba ya cikin burauza. Mutane da yawa yanzu ba sa zama a kwamfuta, turo takardunsu suke yi ta WhatsApp zuwa wayar shago a buga musu, kuma wayar nan tana hannun duk yaron da ke bakin aiki. Daga gobe za mu kunna saƙo mai ɓacewa bayan awa 24 a kanta, mu hana hotuna sauka cikin ma'ajiyar waya da kansu, mu kuma goge foldar sikana kowane dare kafin a kashe janareta. Bayan wannan sai gwajin Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, a kwamfuta ɗaya, in ga ko firinta da sikana za su yi aiki da shi kafin in yanke shawara a kan sauran masu Windows 10.